Neman shawara: takardar gayyata tana sa a ba aboki bizar ziyara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Ina digiri na biyu a nan Ingila, insha Allah watan Yuli za a yaye mu, toh akwai aminina tun na ƙuruciya a Kano, yana da shagon atamfa a Kwari, yana so ya zo bikin ya ɗan yi sati biyu ya koma. Ya je wajen wani ejan, shi kuma yace masa wai komai a hannun takardar gayyata yake, in na rubuto mai ƙarfi aka buga mata hatimin lauya toh biza ta samu an gama, har ya yanka masa kuɗin aiki. Ni dai jikina bai ba ni ba. Da gaske takardar nan tana da wannan ƙarfin? Kuma tunda aboki ne ba ɗan uwa na jini ba, za su ma kalle ta? In aka hana shi, ko ya zo ya ƙi komawa (ba halinsa bane amma dai), abin zai taɓa zamana?

Wata Anti daga Manchester:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka faɗa wa abokinka ya riƙe kuɗinsa. Hatimin lauya ba ya ƙara wa takarda komai a wajen waɗannan mutanen, ka rubuta da kanka ka sa hannu ya wadatar. Jami'in da zai duba fayil ɗin ba kai yake bincike ba, abokinka yake bincike, kuma tambayarsa ɗaya ce, wannan mutumin in ya shigo zai fita? Amsar tana Kano ba ta hannunka. Shagonsa, rajistar kasuwancinsa ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya) in yana da ita, takardar hayar shago, iyali in yana da mata da yara, sai uwa uba yadda kuɗi ke shiga da fita a akawun ɗinsa. Bizar ziyarar Ingila yawanci ba intabiyu ake yi ba, fom zai cike a intanet ya loda takardu ya je a ɗauki hotonsa da zanen yatsa, shikenan, saboda haka takardun ne za su yi masa magana, duk abin da bai bayyana a ciki ba kamar bai faɗa ba ne.

Wani daga Houston:
Gsky takardar gayyata ɓata tawada ce. A nan Amurka ma'aikatar harkokin wajensu da kanta ta rubuta cewa ba a buƙatarta kuma ba ta cikin abin da ake dubawa. Ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, ka biya dala 185, ka tsaya gaban tagar jami'in biza minti biyu uku, sau da yawa ko takardar da ka riƙo ba za su karɓa ba sai dai a miƙo maka takardar hana biza ta sashe na 214(b), wato dokarsu ta ɗauka kowa zama ya zo yi sai ya gamsar da su ba haka bane. Balle yanzu, tun Yulin 2025 aka mayar da bizar 'yan Najeriya ta wata 3 shiga ɗaya, ƙarshen shekarar kuma aka sa mu cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara.

Anti daga Manchester:
A'a malam kar mu haɗa su, Amurka daban Ingila daban. A nan tana da amfaninta, kawai dai ba ita ke yanke hukunci ba. Ita ce za ta nuna dalilin zuwa da inda zai sauka, kuma dokar Ingila ba ta ce sai ɗan uwa ba, aboki ma yana iya ɗaukar nauyi muddin alaƙar ta gaskiya ce kuma shi mai gayyatar yana zaune bisa ƙa'ida.

Wani Alhaji ɗan kasuwa:
Yaro bari in faɗa maka inda mutanenmu na kasuwa ke faɗuwa. Mu cinikinmu rabi a hannu ne rabi ta POS ɗin yaron shago, sai ka ga mutum yana juya miliyoyi amma akawun ɗinsa shiru, toh sai ejan yace a ranto kuɗi a zuba saura sati biyu a nema. Wallahi wannan shi ne babban abin da ke kashe fayil. Suna ganin kuɗi sun faɗo dare ɗaya ba tushe za su rubuto maka ba su gamsu kuɗin naka bane. Gara miliyan kaɗan da aka ga shigarsu a hankali wata shida, da tulin da ba a san daga ina ba. In akwai babban kuɗi da ya shiga, misali ya sayar da fili ko dila ya biya shi bashi, ya haɗa shaidar ya yi bayani a layi biyu. Sannan kar ya yarda ejan ya cike masa fom a bayan idonsa, su kan ƙara albashin ƙarya ko su ɓoye cewa an taɓa hana mutum biza wata ƙasa, in aka kama shekara 10 za a iya rufe masa ƙofa, ejan kuma ya ci kuɗinsa ya yi gaba.

Wata 'yar uwa daga Jamus:
Inaga ejan ɗin ya cakuɗa da tsarin nan Turai ne. Mu a Jamus akwai wata takarda ta hukuma, Verpflichtungserklärung, ofishin baƙi kake zuwa ka nuna albashinka ka biya yuro 29 ka sa hannu cewa duk abin da baƙon ya jawo na kuɗi a wuyanka yake, har kuɗin mayar da shi gida in ta kai. Faransa ma suna da tasu da ake karɓa a ofishin magajin gari. Waɗannan kam suna da nauyi tunda doka ce ta ɗaure ka, amma duk da haka ana hana mutane da su a hannu in ba a yarda za su koma ba.

Mai tambaya:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Toh Anti me zan rubuta a ciki? Kuma in ce ni zan ɗauki nauyinsa ko kuwa?

Anti daga Manchester:
Kai ɗalibi ne ƙanina, kar ka ce za ka ɗauki abin da akawun ɗinka ba zai nuna ba, shi da yake da kasuwa ya biya wa kansa ya fi kyau a ido. Shafi ɗaya ya isa, sunanka da adireshinka, matsayin zamanka, yaushe kuka san juna, ranar bikin, ranar zuwa da ranar komawa, a ina zai kwana. Ka haɗa da kwafin fasfonka da shaidar bizarka, ka nemi makaranta ta ba ka takardar da ke nuna ranar bikin. In a ɗakinka zai sauka ka duba ko mai gida ya yarda da baƙo, in ba haka ba ya sa kuɗin otal a lissafinsa. Kuma ku daidaita baki, kar kai ka rubuta sati biyu shi ya cike wata uku. Maganar zamanka kuma, hana shi biza ba ya taɓa taka, amma in ya zo ya maƙale toh duk wanda ka gayyata nan gaba zai sha wuya a yarda da maganarka.

Alhaji:
Kuma kar ya yanki tikiti sai biza ta fito, ba sa buƙata. Ana iya nema tun saura wata 3 a yi tafiya, amsa kan ɗauki kamar sati 3, lokacin bikin yaye ɗalibai kuwa layi yawa yake yi, ya fara haɗa takardunsa tun Afrilu.