Za a rufe cibiyar tsofaffin da Hajiyarmu take zuwa, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Ingila. Mahaifiyata shekarunta 78, tana fama da ciwon mantuwa, kuma a wurina take. Duk Talata da Alhamis mota takan zo ta kai ta cibiyar wuni ta tsofaffi da ƙaramar hukumarmu ke gudanarwa. A can take cin abincin rana, a motsa mata jiki, ta yi hira da tsararrakinta. A ranakun nan biyu kaɗai nake fita aiki hankali kwance. Jiya sai ga wasiƙa: wai kuɗi sun yi ƙaranci, suna shirin rufe cibiyar, har da ta yara da ke gefenta inda nake kai autana awo da wasa. Sun ba da mako shida na jin ra'ayin jama'a. Wallahi ban runtsa ba. Jin ra'ayin nan yana da amfani kuwa, ko bakin alƙalami ya riga ya bushe? Sannan ni da fasfon Najeriya nake riƙe da shi, in na ɗaga murya ba zan ja wa kaina ba?

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri. Bai bushe ba tukuna, amma lokaci ne abokin gabarki. Doka ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta tsayar da kasafin kuɗinta kafin 11 ga Maris, kuma ba a yarda ta tsara kashe abin da ya fi kuɗin shigarta ba. Yawanci a watan Fabrairu kansiloli ke zaman amincewa da shi. Duk abin da za ki yi, ki yi kafin wannan zaman.

Talaucin da suke kuka da shi ba ƙarya ba ne. Bamingham, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, a Satumban 2023 ta fito ta ce ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Saboda haka kada ki ɓata takardarki da cewa ba su da imani. Sun saba jin wannan. Ki yi musu magana da yaren da suke ji, wato lissafi. Ki rubuta abin da zai faru in an rufe: ke za ki ajiye aiki, ko kuwa Hajiya ta koma gidan kula da tsofaffi, wanda kuɗinsa ya ninka na wuni biyu a mako nesa ba kusa ba, kuma in ba ta da dukiya, a wuyansu yawancin kuɗin zai rataya.

Sannan ki nemi takardar nazarin da suka yi kan wanda rufewar za ta cutar. Sashe na 149 na Dokar Daidaito ta 2010 ya tilasta musu duba yadda shawararsu za ta shafi tsofaffi, masu naƙasa da ƙananan ƙabilu. In sun yi jan ƙafa, ki nema ta dokar 'yancin samun bayanai, suna da kwana 20 na aiki su amsa. Sau da yawa za ki tarar nazarin na jeka-na-yi-ka ne, kuma ta nan lauyoyi ke kama su. Mai son kai su babbar kotu kuwa, wata uku kacal yake da shi daga ranar da aka yanke shawarar.

Wata Anti daga Mancesta:
Baba ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. Ginin daban, haƙƙin Hajiya daban. A ƙarƙashin Dokar Kula da Manya ta 2014, in an tantance ta aka ga tana da buƙatar da ta cancanci taimako, rufe gini ba ya sauke musu nauyin. Sai sun sake duba tsarin kulawarta sun nuna yadda za su biya buƙatar. Ke ma da kike jinyarta kina da haƙƙin a tantance ki a matsayin mai kula da marar lafiya. Matanmu da yawa ba su san da wannan ba, sai su yi ta haɗiye wahala har su kwanta. Ki kira ƙaramar hukumar gobe, kuma duk abin da aka faɗa miki a waya ki ce a aiko a rubuce.

Wani ɗan'uwa daga Landan:
Ku yi haƙuri, ni dai abin da nake gani daban. Mu da muka taso muka ga ana riƙe iyaye a gida, yau mu ne za mu fita da kwalaye don gwamnati ta riƙe mana uwa? Ai da kunya.

Anti daga Mancesta:
Malam, a gida da ka gani akwai facaloli, akwai jikoki, akwai maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ce a gida mai ɗaki biyu, da yara da aikin asibiti ko na shago. Uwarta tana ɗakinta, ita ke mata wanka. Kuma ba bara take ba, duk wata tana biyan harajin gida ga wannan hukumar. In kana da Talata da Alhamis da babu abin yi, ga adireshi nan sai ta turo maka.

Wata 'yar'uwa, ma'aikaciyar jinya:
Ga mai ganin surutu ba ya canza komai: a Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta janye tallafin ɗumama gida na lokacin sanyi, fam 200 zuwa 300, daga kusan 'yan fansho miliyan 10. Ƙungiyar Age UK mai kare haƙƙin tsofaffi da ƙungiyoyin ƙwadago suka taso, 'yan majalisa suka sha ƙorafi a mazaɓunsu, jam'iyya mai mulki ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025. A watan Yuni aka mayar da tallafin ga duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba. Amma fa ba mutum ɗaya ya yi ba. Ki tsaya a ƙofar cibiyar ki karɓi lambobin sauran iyalai, Turawa da Indiyawa da 'yan Somaliya duka, ki haɗa da iyayen cibiyar yara, kada a raba ku a ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Kowa ya rubuta nasa labarin da kansa. Wasiƙa iri ɗaya da aka yi ta kwafewa ba ta da nauyi.

Wani ɗalibi ɗan Maraɗi:
Batun fasfo kuwa, Yaya, kin fi ni gata. Ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana da ƙuri'a a nan, don ƙasashenku suna cikin ƙungiyar Kwamanwel ta ƙasashe renon Ingila. Mu 'yan Nijar sai kallo. Amsa jin ra'ayi kuma kowa na iya yi. Ki yi rajistar zaɓe, ki je zaman da kansilan unguwarku ke yi na ganawa da jama'a, ki fara da gaya masa titin da kike.

Mai tambaya:
Allah Ya bar zumunci, na gode ƙwarai. Na kira an ba ni ranar tantancewa, kuma yau a ƙofar cibiyar na samu iyalai huɗu da suka yarda mu haɗu ranar Asabar. Baba, an ce ana barin jama'a su yi tambaya a zaman kansiloli in sun ba da suna tun da wuri. In na rubuta tawa, zan iya turo maka ka duba kafin in miƙa?

Dattijo:
Turo 'yata. Ki taƙaita ta, mintoci kaɗan suke bayarwa.