Riba jika 1001, mu raba 13 ko 11?

Mai aya: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu 13 munka haɗa kuɗɗi munka sai aya lokacin kaka munka aje, yanzu an saida, riba ta kama sefa 1,001,000. Mutum biyu sun janye uwar kuɗɗinsu tun kamin a saida, ɗaya rishin lahiya ta sa shi, gudan ko haka nan ya hita. A raba da su ko a'a? Ba ni son zumunci ya ɓaci.

Mushe na lakkol: Alhaji lambar ga taku mai albarka ce. Jika 1001 ke nan, kuma 1001 shi ne 7 sau 11 sau 13. Ku 13, kowa jika 77 cif. Ku 11, kowa jika 91 cif. In kun sa guda ɗai cikin su biyun, 12 ce ba ta zama, don in ka tara alƙaluman 1001000 sun ba da 2, uku ba ta raba shi, dala 4 za ta yi saura.

Ɗan Tibiri: Ni dai shawarata a bar haɗin gwiwa baki ɗai.

Hajiya mai atamfa: Wallahi saura ɗin nan shi ya kashe muna adashi. Mu 12 ne, uwar adashi na rubuta da dala cikin kaye, ɗiyarta na bugawa da sefa cikin waya, uwar adashi ta ce 200,000 mu muna jin sefa ashe dala take nuhi, miliyon guda ke nan, wata uku muna gardama har gaban mai unguwa, ƙawata tun ƙuruciya yau ko gaisuwa ba mu yi. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zahi.

Mushe: Hajiya sefa 5 ce dala, a raba da 5 kawai. Na Alhaji dala 200,200 ne.

Ɗan kabu-kabu: Ku ba ni dala huɗun in sha ruwan leda, rigima ta ƙare 😂

Baba na Sabon Gari: Mushe ka bar lissahin allo, wanga zance na malamai ne. Wanda ya janye dukiyarsa kamin ciniki da wane haƙƙi za shi ci riba?

Mushe: Baba ban yanke hukunci ba, abin da lamba ta ce na hwaɗi.

Ɗan Tibiri: Nawa kunka biya magaza? Mu dala 20 buhu a wata.

Mai aya: Dala 50 hwa.

Wani: An cuce ku, 30 ne ko'ina.

Hajiya: Wai ma ina za a samu dala huɗun? Jiya na ba mai butik jika guda, canjin dala 3 ya miƙo min alawa biyu, kullum haka, ni da ciwon suga.

Ɗan kabu-kabu: Mu ma fasinja ya miƙo jika goma da sahe, sai ka zagaye kasuwa neman canji essence na ƙonewa.

Mai aya: To shi mara lahiyar hwa jama'a?