'Yan gem, da gaske wasanninmu na taimakon muhalli?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasu wasannin waya kan sako gasa, a ce idan 'yan wasa sun kai wani mataki kamfani zai dasa bishiyoyi. Wasu na cewa hanyar wayar da kai ce kan sauyin yanayi, wasu na cewa talla ce kurum, tunda na'urorin kansu wuta suke sha. Ina gaskiyar take, kuma me ɗan gem zai iya yi da hannunsa?

Mabiyin labarai:
Wa alaikumus salam. Wasu daga irin wannan gasa daga ƙawancen kamfanonin gem mai suna Playing for the Planet suke fitowa. An ƙaddamar da shi a Satumban 2019 a taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, da kamfanoni irin su Sony, Microsoft da Ubisoft, sannan daga 2020 aka fara Green Game Jam duk shekara, inda kamfanoni ke saka saƙon muhalli cikin wasanninsu. Amfaninsa shi ne saƙo na isa ga matasan da ba sa sauraron labarai. Amma dasa bishiya daban, raya ta daban. Kafin ka yaba, duba ko sun faɗi inda aka dasa, wane iri ne, da kuma wanda zai kula da ita har ta kama ƙasa.

Injiniyan lantarki:
Ɗan'uwa, ni a ganina batun yana wajen soket. Na'urar wasa ta PS5 na jan kusan wat 200 a wasa mai nauyi. Nintendo Switch ba ya kai wat 20 ko an jona shi da talabijin, waya kuwa ƙasa da haka nesa. A kwamfutar gem, katin hoto na RTX 4090 shi kaɗai yana iya jan wat 450.

Ɓarnar da aka fi mantawa ita ce ta lokacin da ba a wasa. Xbox, na'urar wasan Microsoft, da aka bari a Sleep (yanayin barci) na cin wat 10 zuwa 15, a Shutdown (kashewa gaba ɗaya) kuwa kusan rabin wat. Ɗauki wat 10, awa 24, kwana 365: ka tashi da yunit kusan 88 a shekara ba tare da ka taɓa hannun wasa ba. Shi ya sa a 2023 Microsoft ya karkata na'urorinsa zuwa Shutdown. Shiga saitin wuta ka tabbatar naka na can. Mai kwamfuta kuma ya ƙayyade hotunan da katin ke fitarwa a daƙiƙa: idan allonka 60 yake nunawa, barin kati ya fitar da 200 zafi ne kawai da kuɗin wuta.

A wajenmu akwai ƙarin janareto. Kowace litar fetur da aka ƙona na sakin hayaƙin kabon kilo 2.3, kuma ƙaramin janareto ya fi asarar mai idan kayan da ke kansa kaɗan ne. Tayar da shi don na'ura ɗaya da talabijin ɗaya shi ne mafi muni. Sola da inbata sun fi dacewa da wannan ɗan nauyi.

Mai gyara:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai a ƙara da tsawon ran na'ura. A 2022 duniya ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Ƙura na cikin abubuwan da ke kashe na'urori, musamman ta hunturu. Tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya, fanka ta dinga ihu, na'ura ta kashe kanta, a hankali zafi ya cinye allon ciki. A ɗaga ta daga kan kafet, a bar tazara bayanta, a goge fanka da burushi mai laushi bayan an zare wuta. Kada a cire ƙarfen sanyaya na PS5 a gida, narkakken ƙarfe ne a ƙarƙashinsa, idan ya ɗiga kan allon ciki ya gama da shi.

Hannun wasa da ke tafiya shi kaɗai ba na shara ba ne, sandar juyawar ce ta lalace, ana cire ta a dasa sabuwa da dalma. Masu waya kuma su daina wasa tana kan caji, zafin biyu ne ke haɗuwa ya kumbura batir.