Mahaɗai 200 amma shafi bai motsa ba

Tambaya: Jama'a, me ke sa shafin intanet da mahaɗai (links) 200 daga wasu shafuka ke nuni zuwa gare shi ya kasa hawa sama a sakamakon binciken Google?

Amsa ta 1: Malam, daga ina suka fito? Tsarin PageRank, wanda Google ke auna darajar shafuka da shi, yana raba darajar shafi tsakanin mahaɗan da ke cikinsa. Mahaɗi guda daga jarida mai daraja ya fi ɗari daga shafukan banza. Duba ko suna ɗauke da alamar nofollow, wadda ke gaya wa injin bincike kada ya bi mahaɗin, kuma aka ƙirƙiro ta a 2005. Galibi ba ta miƙa daraja.

Amsa ta 2: In saye aka yi, tun fitowar Penguin, tsarin Google na gano mahaɗan bogi, a 2012 Google ke farautar irinsu. Asarar kuɗi ce kawai.

Amsa ta 3: Kada makin DA (Domain Authority, wato ma'aunin ƙarfin shafi) ya ruɗe ka, Malam. Na kamfanin Moz ne, Google ba ya aiki da shi.