Karen gadina ya fara yi wa 'yata gurnani, me ke damunsa?

Mai Shagon Fenti, Kaduna:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kare, domin abin ya fara fin ƙarfina.

Bara da damina ɓarayi suka hauro mana katanga suka kwashe batiran sola. Bayan nan ne wani abokin cinikina ya ba ni kwikwiyo, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma irin na 'yan sanda. Yara suka raɗa masa suna Barde. Yanzu yana wajen wata bakwai, ya yi ƙashi, tsayinsa ya wuce gwiwata. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin darbejiya ta bayan gida, kusa da tankin ruwa. Sai an yi sallar isha an kulle ƙofa nake sakinsa.

Ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa ya yi rantsuwa ba zai ƙara shigowa ba. Tun kurarsa tana bakin layi Barde yake fara haushi yana fizgar sarƙa har sai ya shaƙe kansa, yanzu a ƙofar gida yake jere jarkoki mu ɗiba da kanmu. Almajirai ma sun daina sallama. Ni kuwa in na dawo daga shago tsalle yake yi ya dafa ni, ranar Juma'a sai da na sake shadda saboda sawun ƙafarsa a ƙirjina.

Duk wannan da sauƙi. Shekaranjiya ƙaramar 'yata, shekararta huɗu, ta bi ƙwallonta har kusa da kwanonsa yana cin abinci. Sai ya sandare, ya sunkuyar da kai kan kwanon, ya yi wani gurnani can ƙasan maƙogwaro, haƙora a waje. Bai taɓa ta ba. Na zane shi da dorina, ya kwanta ya birkice har ya saki fitsari. Uwar yaran ta ce ko shi ko su a gidan. Maƙwabcina kuma ya ce alamar kare mai kyau ce, in riƙa zuba masa barkono a abinci in kulle shi a ɗaki mai duhu don ya ƙara zafi. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Mafarauta, Daura:

Wa alaikumus salam. Malam, ka bar maganar barkono, ba abin da zai ƙara masa sai zawo.

Ni a cikin karnuka na tashi, mahaifinmu ba ya rasa biyar ko shida. Karnukan da ke kama zomo da gafiya, har su tsaya wa dila, su ne kuma za ka gani kwance a ƙofar gida yara na tsallake su, awaki na wucewa, ko kai ba sa ɗagawa. Me ya sa? Tun idonsu bai gama buɗewa ba suke cikin mutane. Sun san mai tallar fura, sun san jaki, sun san ƙarar babur. Da yake sun san abin da aka saba, ranar da baƙon abu ya zo da tsakar dare nan take suke ganewa. Naka kuwa daga bango sai tanki, to kowa ɓarawo ne a wurinsa, har ɗan garuwa.

Sarƙar nan ce babban ciwonsa. Kare in ya tsorata guduwa yake fara yi. In ka ɗaure shi ka toshe masa hanyar gudu, me ya rage masa in ba haƙori ba? Ka samu igiya mai ƙwari, bayan sallar asuba kafin layi ya cika ka fita da shi, ka bar shi ya shinshina duk abin da ya ga dama, kada ka yi ta jan sa. Shinshinar nan tana gajiyar da kare fiye da yadda kake zato. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wata bakwai bai bushe ba tukuna.

Maman Biyu, Kano:

Ni dai ina bayan matarka. Ku maza kuna shago, ita ce ke yini da yara da kare a tsakar gida. Yarinya 'yar shekara huɗu fuskarta daidai bakinsa take. Ka mayar wa mai shi, ka sa waya mai ƙaya a katanga, ka haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki mai gadin layi. Kuma ga najasa, ga mala'ikun rahama da aka ce ba sa shiga gida mai kare.

Likitar Dabbobi, Zariya:

Malam, kafin komai: an yi wa Barde allurar rigakafin ciwon haukan kare? Ba ka ambata ba. Ana fara ta ne kwikwiyo yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma a nan ƙasar ma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. In ba a yi ba, gobe ka kai shi asibitin dabbobi, a haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska, ka karɓi katin shaida ka adana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Kowa a gidan ya san cewa in an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya ɗaura gashin karen a kan ciwo ba.

Sai gurnanin. Zan faɗi abin da mutane ba sa son ji: gurnanin nan shi ya ceci 'yarka. Kare ba ya tashi kawai ya yi cizo, yana da matakai. Zai fara lasar hancinsa, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kawar da kai yana kallonka ta gefen ido har ka ga farin idon, kunnuwa su kwanta baya. In ba a kula ba sai ya sandare, kamar yadda ka gani. Sai gurnani, sai cizon iska, sannan cizo na gaske. In ka dake shi don ya yi gurnani, bai koyi son yarinyar a kusa da kwano ba. Abin da ya koya biyu ne: gurnani yana jawo dorina, kuma zuwan yarinya yana jawo dorina. Wata rana sai ya tsallake gargaɗin. Karnukan da ake kawo mana ana cewa "haka kawai ya cije shi", in ka bi labarin sau da yawa haka aka yi. Birkicewa da fitsarin da ya yi kuwa tsoro ne, roƙonka yake ka ƙyale shi.

Kada ka yarda da kaɗa wutsiya ma. Wutsiya a sake tana kaɗawa har ƙugu na motsi, wannan murna ce. Amma in ta miƙe sama ƙiƙam tana rawa da sauri, jiki a ɗaure, ja da baya.

Hajiya Maman Biyu tana da gaskiya a abu ɗaya, yarinya da kare ba a barinsu su kaɗai, ko wane irin kare ne. Ka kewaye masa wuri da waya a inuwa, mai ƙofa, inda zai zagaya ba sarƙa, da ruwa kullum, don kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. A can zai riƙa cin abinci, ƙofa a rufe, sau biyu a rana. Yara su san doka: ba a zuwa wurinsa yana ci, ko yana barci, ko yana gaigayar ƙashi. Kai kaɗai, babba, in yana ci ka wuce daga nesa ka jefa masa ɗan yankan dafaffiyar hanta ka yi gaba, ba tare da ka taɓa kwanon ba. A hankali kana rage nisan, har ka ga in ya hango ka yana ɗago kai da sakakken jiki. Ya fara ɗaukar zuwan mutum a matsayin ƙari ke nan, ba ƙwace ba. Kada ka sa yarinyar ta gwada wannan.

Haka za ka yi da ɗan garuwa. Ka duba ta idon Barde: mutum ya zo da kura mai ƙara, ya yi haushi, mutumin ya tafi. Kullum haka. A lissafinsa shi ya kore shi, don haka gobe zai ƙara himma. Ka riƙe shi da igiya can nesa, inda zai ji kurar amma bai kai ga haukacewa ba, da ya ji ƙarar ka fara ba shi ɗan busasshen kifi ɗaya bayan ɗaya, kurar na wucewa ka daina. In ya ƙi karɓa, kun matso da yawa, ka koma baya.

Tsallen kuwa shi ne mafi sauƙi. Hankalinka yake nema, kuma tsawa da turewa ma hankali ne. In ya ɗago ƙafa ka juya masa baya ka yi shiru, ƙafafu huɗu na taɓa ƙasa ka yaba masa ka ba shi abu. Ka koya masa "zauna": riƙe kifin a saitin hancinsa, ka ɗaga shi sama ta bayan kansa, gindinsa zai sauka da kansa, a wannan daƙiƙar ka ba shi. In ka yi jinkiri har ya miƙe, miƙewar ka biya. Minti biyar ya isa, da safe da yamma, kuma kowa a gidan kalma ɗaya zai riƙa faɗi. Sai dai ka yi haƙuri, daga wata 6 zuwa wajen shekara ɗaya da rabi lokacin balaga ne, abin da ya iya jiya yau zai yi kamar bai taɓa ji ba.

Abinci: ban da mai albasa da yawa, ban da cakulan, ban da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Tuwo zalla kuma ba zai riƙe kare mai girma ba, a haɗa da kayan ciki ko kan kifi.

Ɗalibin Zaure, Damagaram:

Game da abin da Hajiya ta kawo. Hadisi ya yi izini da karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kai idan akwai buƙata. Ana ba da labarin malamin Malikiyya Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce har yawunta, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ce najasa ne. Ko ta wace fuska, ware masa wuri a wajen ɗakuna da kwanonsa na daban ya fi. Kuma tunda ka ajiye shi, cinsa da shansa da inuwarsa suna wuyanka. Ka ƙara tambayar malaminku.

Mai Shagon Fenti, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita, an yi masa allurar, katin yana hannuna. Mai walda ya kewaye masa gefen darbejiyar, sarƙa ta tafi. Baba na Daura, fitar asuba tana aiki, in mun dawo kwanciya yake yi har hantsi. "Zauna" ya kama, amma sai ya ga kifi a hannuna, in babu sai ya tsaya yana kallona kamar ni ne ban gane ba. Ɗan garuwa har yanzu bai yarda ya shigo ba, ban kuma ga laifinsa ba. Uwar yaran ta ba mu zuwa ƙaramar salla, in bai canja ba zai koma.

Abin da ke raina shi ne, in ya saba da kowa haka, ranar da ɓarawo ya hauro ba zai tsaya yana jiran kifi ba?

Likitar Dabbobi, Zariya:

Ba zai tsaya ba. Mutum ya shigo ta ƙofa da rana kana tare da shi daban, mutum ya diro ta katanga ƙarfe biyun dare daban, kuma irin jininsa ba sai an koya masa haushi a kan wannan ba. Haushin kake buƙata, ya tashe ka ya tashi maƙwabta. Karen da ke cizo kuwa, ɗan maƙwabci da ya hauro ɗaukar ƙwallo zai fi samu, kai kuma ka kwana a ofishin 'yan sanda.

Maganar kifi, ka daina nuna masa. Ka sa a aljihu, ka ɗaga hannu wayam ka ce zauna, in ya zauna sannan ka fito da shi. In ya kama, ka riƙa ba shi wani lokaci, wani lokaci yabo kawai, ko buɗe masa ƙofar fita. Sharaɗin maman yara kuma daidai ne. In ka sake ganin ya sandare wa yarinyar alhali ba abinci ba ƙashi a gabansa, kada ka jira salla, ka kawo shi a duba ko wani ciwo ne a kunne ko a ƙafa, in babu a nema masa gidan da ba ƙananan yara.