Wai dole ne sai akitek mai rajista ya buga hatimi a zanen gida?

Baban_Ummi:
Salam jama'a, dan Allah masu sani a taimaka. Ina da fili a wajen Yelwa nan Bauchi, ina so in ɗora bene hawa ɗaya, shaguna huɗu a ƙasa sama kuma wurin zama. Ɗan yayata ya gama HND a fannin zanen gini kuma wlh yaron ya iya aiki, shi ya zana min komai a kwamfuta har da hoton yadda gidan zai kasance in an gama, to da aka kai neman izinin gini sai aka ce zanen ba zai shiga ba sai da hatimin akitek mai rajista da kuma zanen injiniya. Yanzu wani ya ce in kawo kuɗi kaɗan ya san wanda zai buga min hatimin ba tare da ya ma zo filin ba. Shin doka ce da gaske ko dai hanyar cin abinci ce? Kuma ta jiha ce ko ta tarayya?

Arc_Fadaman_Mada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Doka ce, kuma ta girmi da yawa daga cikinmu. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Lasisin akitek na tarayya ne, hukumar ARCON ke bayarwa, an kafa ta da dokar soja mai lamba 10 ta 1969, duk wanda sunansa baya cikin rajistarta doka ba ta yarda ya kira kansa akitek ba ko da hannunsa ya fi na kowa kyau. Izinin gini kuwa na jiha ne, tun 2003 kotun ƙoli ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, shi ya sa abin da za a nema a wurinka a Bauchi ba lallai ya zo ɗaya da na Gombe ba, amma hatimin kam duk inda ka je shi ne dai.

Hanyar kuma doguwa ce, digiri na farko, mastas, bautar ƙasa, sannan aƙalla shekara 2 kana aiki a ƙarƙashin wani mai rajista kana cike littafin ayyukan da ka yi, sannan ka zauna jarrabawar ƙwarewa. Ɗanka mai HND yana da matsayinsa, teknolojis ne, irinsu ne ma ke riƙe da ofisoshinmu in za a faɗi gaskiya, amma ba shi zai ɗau alhakin ginin ba. Hatimin nan ma'anarsa in abu ya faru ga wanda za a kama, akwai kwamitin ladabtarwa da zai iya soke sunan mutum. Wanda zai buga maka bai ga ƙasar wurin ba, bai san ko hanyar ruwa ce ba, kuɗinka kawai zai ci.

Birkila_Dan_Gombe:
Yallabai akitek a yi haƙuri fa, ni shekaru na yi ina gini kuma gidajen da iyayenmu suka yi a Jahun da Nasarawa waye ya buga musu hatimi? suna nan tsaye. Ku kuma in talaka ya zo kuɗin da za ku yanka masa ya isa ya sayi bulo ɗari nawa, shi ya sa ake bin bayan fage

Arc_Fadaman_Mada:
Malam maganarka akwai gaskiya a batun kuɗi, wasunmu na tsawwalawa. Amma gidan ƙasa mai azara daban, bene mai dekin daban. Kai da kanka ka san yadda ake yi, a rubuta rodi mai kaurin milimita 16 a ginshiƙi mai gida ya ce a sa mai 12, buhun siminti ɗaya a buga bulo har sai ka murza gefensa da yatsa ka ga yashi na zuba.

Maman_Sadiq:
Nikam tunda makarantar nan ta Busa Buji a Jos ta rufta kan ɗalibai a Yulin 2024 mutum 22 suka rasu, ko bene na shiga sai na ɗaga kai na kalli dekin. Alhaji mutane za ka zuba a sama da ƙasa fa, kar ka yi arha a nan

Injiniya_Bala_Tunfure:
Ƙarin bayani kaɗan Alhaji, hatimin akitek shi kaɗai bai gama ba. Lissafin fandisho da ginshiƙi da yawan rodin dekin aikin injiniya ne mai rajistar COREN, wato hukumar rajistar injiniyoyi, ita kuma tun 1970 take. Masu aza ginin ma suna da tasu, CORBON. Abin da nake gani ya fi sauƙi, tunda yaron ya riga ya yi zanen kar a yar da wahalarsa, ku kai wa akitek na gaske ya duba ya je filin ya gyara abin gyarawa sannan ya sa hannu, galibi kuɗin ba zai kai na fara zane daga farko ba, shi ma yaron ya ƙaru. Ku nemi lambar rajistarsa ku tabbatar, dan akwai masu sa Arc a gaban suna alhali ko mastas ba su yi ba. In ba ka san kowa ba tambaya a sashen zanen gini na jami'ar ATBU ko reshen ƙungiyar akitek ta ƙasa wato NIA na jiha. Kuma ku yi magana tun yanzu kan zuwa duba aiki, musamman ranar zuba dekin, ya ga rodin da idonsa kafin a rufe da kankare

Baban_Ummi:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mai hatimin kam na fasa. Yallabai Arc zan turo maka zanen ta inbos, amma dan Allah a duba min da sauƙi siminti ma kaɗai ya ishe ni