Bayanin hoto a jarrabawar magana da Turanci: in, on ko at?

Ɗalibar B1:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar B1 Preliminary ta Cambridge, kuma kashi na biyu na magana ne ya tsaya mini a rai. Ana ba mutum hoto ɗaya mai launi, ya yi bayaninsa shi kaɗai na kusan minti 1. Hoton da nake gwaji da shi, wata mata ce zaune kan benci tana karatu, ga keke a bayanta, can nesa yara na buga ƙwallo. Sunan komai na sani, amma da na zo faɗin inda abu yake sai harshena ya sarƙe tsakanin in, on da at. Don Allah a taimaka.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, 'yata. Mu "a" guda take ɗauke mana wannan aikin duka, su kuwa sun raba shi uku. Kada ki tsaya laluben ƙa'ida a gaban mai jarrabawa. Ki haddace su a dunƙule: in the picture, in the middle, in the corner, on the left, on the right, at the top, at the bottom. Idan kika ce on the picture, kamar ƙuda ne ya sauka kan takardar.

Ki fara da hoton gaba ɗaya, this picture shows a park, sannan matar in the foreground, yaran kuma in the background. Hagu da dama naki ne mai kallo, ba na matar ba.

Mai TOEIC:
'Yar'uwa, ke ma kina da sarari. A TOEIC, wata jarrabawar Turanci ta daban, sakan 45 ake bayarwa a duba hoto, 30 a yi magana. Ki kula da in front of da opposite. Wanda ke gabanki a layi kina kallon ƙeyarsa, in front of ne. Wanda kuke fuskantar juna da tebur a tsakaninku, opposite.

Ɗalibar B1:
Na gode ƙwarai. Malam, keken fa? Jingine yake da bencin. Behind kawai zan ce?

Malamin Turanci:
Behind daidai ne, amma leaning against the bench ya fi nuna kin ga abin da kyau. Sai dai kar minti ya ƙare miki wajen jera wurare. Duk wanda kika faɗi inda yake, ki biyo da abin da yake yi: the woman is reading, the children are playing football. In lokaci ya ragu, ki taɓa yanayin garin da tufafinsu. Ki ɗauki muryarki a waya ki turo nan mu saurara.